Guntayen Takardar Bango da Ɗakin Wasan Yara

  

Hirarmu ta yau a kan takarda take. Ina nufin takardar nan mai zane da ake mannawa a jikin bangon ɗaki don ado. Faransawa suna ce mata papier peint. Mu takardar bango muke ce mata. Wanda ya shiga ɗakin amarya a birni cikin shekarun nan ya gan ta. Wata mai furanni ce, wata mai zanen tubali, wata kuma tana walƙiya kamar shadda.

Idan mai manna takarda ya gama aikinsa, dole guntaye su rage. Wasu a share su a kai bola. Wasu a hura wuta da su. Hura wutar nan ba shi da kyau, don yawancin takardun akwai roba a jikinsu, hayaƙinta kuwa yana cutar da ƙirji. To, guntayen nan suna da amfani. Sun yi kaɗan ga ɗakin babba, amma sun isa su ƙawata ɗakin wasan yara a tsakar gida ko a garka.

Me ya sa guntaye suke ragewa? Ku ɗauko alli mu lissafa tare.

Takardar bango a nannaɗe take zuwa, kamar tabarma. Naɗin da aka fi sani, faɗinsa santimetir 53, tsawonsa metir 10 da ɗan ƙari kaɗan. Bangon ɗakin siminti kuwa, tsayinsa yakan kai metir 3 ko kusa da haka. Mai aiki zai yanka falle ɗaya mai metir 3. Ya yanka na biyu. Ya yanka na uku. 3 sau 3, 9 ke nan. A cire 9 daga 10, saura 1. Wannan metir ɗaya ba zai kai daga sama har ƙasa ba, sai a ajiye shi gefe. Kowane naɗi haka.

Yanzu mu ɗauki ɗaki mai metir 4 kowane ɓangare. Bango huɗu, metir 16. Zai ci falle wajen 30, wato naɗi wajen 10. Kun ga guntu 10 ke nan, kowane kusan metir ɗaya. Idan zanen takardar manya ne, sai an daidaita fure da fure, guntayen za su fi gajarta, amma za su fi yawa. Ban da haka, mai hankali yakan sayi naɗi ɗaya fiye da lissafinsa. Dalili, launin takarda yana ɗan bambanta daga bugu zuwa bugu, shi ya sa ake rubuta lambar bugu a jikin kowane naɗi. In takarda ta ƙare ana tsakar aiki, ba lalle a samu mai lamba ɗaya a kanti ba. Wannan naɗin ƙari ma sau da yawa rabinsa yana ragewa.

Saboda haka samun guntaye ba wuya. Ku tambayi masu sana'ar mannawa. Ku tambayi maƙwabta bayan an gama gyaran ɗakin amarya. Masu kanti kuma suna da littafin samfur, in yayinsa ya wuce sukan yar da shi.

Wani zai ce, ashe ba abin kunya ba ne a yi ado da saura? Bari in ba ku wani labari. Takardar bango mafi tsufa da aka samu a Ingila, ta wajen shekarar 1509 ce. An same ta a jikin katakon wani gini na jami'ar Kambirij. Da masana suka juya bayanta, sai suka ga tsohuwar sanarwar sarki ce. An gama amfani da ita, mai buga takardu ya buga zane a bayanta. A zamanin can ƙananan falle ake yi, ana manna su har a cikin akwatuna. Injin buga ta da yawa sai a 1839 aka ƙera shi a Ingila, daga nan ta yi araha ta shiga gidan talaka.

Shi kuma ɗakin wasan yara, a ƙasashen Turai sananne ne. A Suwidin da Finlan, gidaje da yawa suna da ɗan ɗakin katako a lambu, na yara kaɗai, da ƴar ƙofarsa da ƴar tagarsa. A 1932 mutanen ƙasar Wales sun gina ma gimbiya Elizabet irin wannan ɗaki, lokacin da ta cika shekara 6. Ita ce ta zama sarauniyar Ingila daga baya, ta rasu a 2022. Ɗakin mai jinka ne. Tun kafin ya isa hannunta gobara ta kama shi a hanya, sai da aka sake gyara shi. Ku riƙe maganar gobarar nan, za mu dawo gare ta.

Yaranmu ma sun san wannan wasa tun kaka da kakanni. Ku dubi ƴan mata a gindin bango. Sun kafa kara, sun rufa tsumma, sun ce ɗaki ne. Sun jera marufan kwalba da gwangwani, sun ce jeren amarya ne. Ga ƴar tsana a goye, ga tuwon ƙasa a kan murhun tsakuwa. Yarinya tana kwaikwayon uwarta, yaro yana kwaikwayon ubansa. Abin da za mu ƙara musu kaɗan ne: wuri mai inuwa wanda ya zama nasu, mai kyan gani, wanda ba zai cuce su ba.

Sai dai ƙasarmu ba Suwidin ba ce. Takarda a waje tana da abokan gaba a nan: gara, da ruwan damina, da zafin bazara, da wuta. Wanda ya manna takarda yadda ake yi a Turai, wata biyu ba za ta yi ba.

Mu fara da wuri. A zaɓi inuwa, kamar gindin dogon yaro ko bayan ɗaki inda rana ba ta daɗewa. Ya zama inda uwa za ta hango yara tana aikinta. Amma ya yi nisa da murhu, aƙalla taki goma. Ya yi nisa da rumbu, da salga, da inda indararo yake zuba. In garkar tana da rijiya marar murfi, kada a kafa ɗakin can sam.

Ginin ba shi da wuya. Dirka huɗu, da zana, da igiyar kaba. A ɗan babbake gindin kowace dirka kafin a kafa ta, a zuba toka a ramin, wannan yana rage gara. Wasu suna shafa baƙin man mota. Ga shingen gona ya yi, ga inda yara suke taɓawa su kai hannu baki bai yi ba. Rufi na zana ne ko na kara. Kada a sa kwano. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙaramin ɗakin kwano kuwa tanda ne. Bakin kwano kuma yana yanka. Ƙofa a bar ta buɗe, ko a rataya guntun zane. Babu ƙyaure, babu kwaɗo. Kuma ina roƙonku, tsohon firji da tsohuwar mota ba wurin wasa ba ne. Yaro yana shiga ya rufe kansa, iska ta ƙare, ba mai jin kukansa.

Girman ɗakin, ku auna shi da faɗin takarda, don kada a yi ɓarna. Bangon baya santimetir 150: falle 3 za su rufe shi, har a samu ɗan abin lanƙwasawa. Bangon dama santimetir 100: falle 2. Na hagu ma falle 2. 3 da 2 da 2, 7 ke nan. Falle 7, kowane metir ɗaya. Ɗazu mun ce ɗakin amarya ɗaya yana barin guntu wajen 10. Kun ga har da saura 3 na gyara. Tsayin ɗakin ya kai santimetir 120 ko ya ɗan fi. Yara uku za su zauna ciki su sake.

Yanzu ga babbar maganar, ku saurara da kyau. Kada ku manna takardar a jikin bangon. Ku manna ta a jikin kwali, sannan ku rataya kwalin daga ciki.

Ga dalili. In bangon na ƙasa ne, ƙasa tana zuba, tana kuma jan ruwa daga tushe. Takarda za ta kama yau, jibi ta saki. In na zana ne, zana ba ta da sumul, takarda ba za ta kwanta ba. Kuma duk inda takarda ta saki ta bar rami a bayanta, nan kyankyaso zai tare, nan kunama za ta ɓuya. Yaro ya jingina, ko ya sa yatsa yana ɓarewa, sai kuka. Amma kwalin da aka rataya, ana iya ɗaga shi a duba bayansa. Ana iya kakkaɓe shi. In hadari ya taso, a kwance shi a shigar ɗaki. In ya lalace, a yar da shi kaɗai, sauran suna nan.

Kwali kuwa yana nan a kasuwa. Manyan da ake kawo firji ko telebijin a ciki sun fi. In babu, a buɗe na sabulu ko na taliya a haɗa su. A tambayi abin da kwalin ya ɗauko. Wanda ya ɗauko maganin ƙwari, ko takin zamani, ko batir, ko fetur, a bar shi. In kwalin ba shi da kauri, a haɗa biyu, layin ɗaya a tsaye, layin ɗaya a kwance. Haka ba zai lanƙwashe ba. Mai hali yana iya sayen faifan katakon nan marar kauri da ake yin silin da shi. Ya fi daɗewa, amma kwali ma ya isa.

Kafin a dama abin mannawa, a san irin takardar da ke hannu, don ba iri ɗaya ba ce. A ɗiga mata ruwa a fuska. In ta sha ruwan, takarda ce zalla. Tana da sauƙin mannawa, amma ba ta jure datti. In ruwan ya gangare, mai fuskar roba ce. Ita ce ta fi dacewa da yara, don ana goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Akwai wata mai kama da yadi, ba ta yagewa da sauƙi, ba ta kumbura in ta jiƙe. Akwai kuma mai danƙo a bayanta, wadda ake ɓare mata farar takarda a manna. Wannan ta ƙarshe ba ta son zafi. Danƙonta yana saki, bakinta ya ɗago, ƙaramin yaro ya ɓare ya sa a baki. In ita kaɗai kuka samu, ku lanƙwasa bakinta zuwa bayan kwali sosai, kuma ku sa ta sama inda ƙanana ba su kai ba. Kowace iri ce, in tana warin roba mai ƙarfi, a shanya ta a inuwa kwana biyu ko uku tukuna.

Abin mannawa, a gida za a yi shi. Gwangwanin madara ɗaya na garin fulawa, gwangwani biyar na ruwa. A fara dama garin da gwangwani ɗaya na ruwan sanyi, har gudaji su mutu. A zuba sauran ruwan. A ɗora a wuta kaɗan kaɗan, ana motsawa, har ya yi kauri kamar koko. A sauke, ya huce, a tace da rariya. Sitacin guga ma yana yi. In takardar mai nauyi ce, mai fuskar roba, a ƙara cokali biyu na farin gam ɗin da kafintoci suke haɗa katako da shi. Ƙaro da aka jiƙa ya kwana yana da kyau ga ƙananan yanka na ado, sai dai yana yin danƙo in iska ta yi laima. A dama daidai aikin rana ɗaya, don kokon fulawa yana tsami bayan kwana ɗaya ko biyu.

Na san abin da wasunku suke cewa: ai fulawa abinci ce, gara da kusu za su zo. Gaskiya ne, za su so zuwa. Amma kada wannan ya sa ku zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a cikin kokon. Ɗakin ƙarami ne, yara suna shaƙa, suna taɓawa, suna lasa. Maganin gara shi ne a ɗaga kwalin daga ƙasa, a kuma riƙa dubawa. Haka nan sholisho na masu gyaran takalmi, kada ya kusanci wannan aiki. Warinsa yana bugarwa, kuma yana kama wuta nan da nan. Garin mannawa na kanti yana da kyau, amma wasu akwai maganin fumfuna a ciki. In da shi za a yi, babba ne zai shafa, yara su tsaya kallo.

Lokacin aikin shi ne bayan damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba, in an gama girbi. Kara da zana suna da yawa a lokacin, ƙasa kuma ta bushe. In hunturu ya shigo, iska tana busar da koko tun ba a manna ba. Saboda haka a yi da safe, a cikin zaure ko ɗaki.

A shimfiɗa kwali a kan tabarma. In takarda zalla ce ko mai fuskar roba, a shafa kokon a bayanta, da buroshi ko da soso, har bakin baki. A ninke ta, koko ya haɗu da koko, a bar ta minti 5. Wannan jiran yana da dalili. Takarda in ta sha ruwa tana ƙara faɗi. In ba ta gama buɗewa ba aka manna ta, za ta buɗe a kan kwalin, ta yi ƙuraje. Mai kama da yadi ba ta buƙatar jira, kwalin ake shafa ma koko a ɗora ta a bushe. Sannan a sa tsumma mai tsabta a lallaɓa, daga tsakiya zuwa gefe, iska ta fita. Inda ƙurji ya ƙi kwanciya, a huda shi da allura a danna. Bakin takardar a lanƙwasa shi zuwa baya, kamar faɗin yatsa biyu.

Ga wata dabara da mutane suke mantawa. In fuska ɗaya kaɗai aka manna, kwalin zai lanƙwashe kamar faifai idan ya bushe, don takardar tana jan shi. Sai a manna wata takarda a bayansa ma, tsohuwar jarida ko tsohon kaye na ƴan lakkwal. A duba dai kada a sa wadda take da ayar Alƙur'ani. Bayan haka a kwantar da kwalin a inuwa, a ɗora tabarma, a danne da duwatsu, ya kwana. Kada a shanya shi a rana.

To, guntayen ba kala ɗaya ba ne. Wannan mai fure, wancan mai layi, wancan ja, wancan shuɗi. Babu laifi. Ku tuna yadda tela yake haɗa ƙyallaye ya yi abin shimfiɗa. Mai duhu ta zauna ƙasa, inda hannuwa da ƙafafu suke kaiwa. Mai haske ta hau sama, ɗakin zai yi haske. Inda biyu suka haɗu, a yanka siririn falle kamar faɗin yatsa uku a rufe mahaɗar, sai ya zama kamar ɗinki. Ƙananan guntaye a yanka su da almakashi. A fitar da furen shi kaɗai a manna a wani wuri. Ko a yanka dagi, da masu kusurwa uku, da masu kama da wata, irin zanen da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram. Mata masu zanen ƙwarya ba sai an koya musu wannan ba.

A ganina, a bar yara su zaɓa. Babba ya riƙe almakashi da reza, yara su ce nan za a sa wannan, can za a sa wancan. Zai yiwu abin ya fito a karkace. Ku ƙyale shi. Na fi son karkataccen ɗakin da yara suke shiga, da kyakkyawan da uwa take cewa kada ku taɓa. Kuma a bar kwali ɗaya a juya takardar, farin bayanta ya kalli ɗaki. Nan za su yi zanensu da gawayi ko fensir. In ya cika, a manna wani guntu a kai.

Ratayewa da igiyar kaba ce. A huda kusurwa huɗu, a zura igiya, a ɗaure a jikin zana, a yanke saura. Ɗauri gajere. Kada a bar igiya tana reto, ko madauki da kan yaro zai shiga. Babu ƙusa, babu allura, babu waya. Tsakanin ƙasa da bakin kwali a bar taƙi ɗaya, wato wajen santimetir 20. In gara ta taso, sai ta gina hanyarta ta ƙasa a jikin dirka, za ku gan ta tun ba ta kai ga kwali ba, ku karkare.

Saura magana biyu masu nauyi. Ta farko guba.

A 1775 wani masanin haɗa magunguna na Suwidin, mai suna Scheele, ya gano wani koren launi mai kyau ƙwarai. Da gubar arsanik ake haɗa shi. Masu takardar bango suka so shi, aka manna shi a ɗakuna masu yawa a Turai, har da ɗakunan kwanan yara. A 1862, a wata unguwa ta birnin Landan, yara huɗu na gida ɗaya suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da aka bincika, sai aka samu arsanik a koriyar takardar ɗakinsu. Daga baya masu saye suka guje ta, masana'antu suka daina. Takardar da ake sayarwa yanzu ba a yin ta da wannan guba, kada ku ji tsoron kore.

Abin da ya shafe mu yau shi ne dalma. Mai gina ɗakin wasa yakan tsinto tsohuwar ƙofa ko tsohon katako mai fenti. Tsohon fentin mai, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Yana ɓarewa, yana zama ƙura, yaro ya sa a baki. Mutanen Maraɗi sun ji abin da ya faru a maƙwabtanmu na Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Can daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa a cikin gidaje. Amma gubar ɗaya ce. Ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma ba a ganin alamarta da wuri. Saboda haka katako mai tsohon fenti, kada a kankare shi, kada a sa shi a ɗakin yara. Rufe shi da takarda ba ya maganin abin, don yara suna ɓarewa. Yaron da bai kai shekara 3 ba, kada ya shiga sai da babba ko yayarsa mai wayo.

Ta biyu wuta. Kun ji ɗakin gimbiya ma bai tsira ba. Namu kuwa kara ne, da kwali, da takarda. Kafin a ɗebo ruwa a randa ya ƙone ƙurmus. Kuma ƴan mata suna son girkin gaske. Yau tuwon ƙasa, gobe sai ɗaya ta ɗebo garwashi a murhun uwarta. Ku kafa doka tun ranar farko, ku faɗa musu dalili. In suna son dafa ƴar shinkafarsu, su zo gefen murhu, gaban uwa. A ɗakin wasa babu garwashi, babu ashana, babu fitilar kananzir, babu kyandir, babu maganin sauro mai hayaƙi. Da magariba kowa ya fito, lokacin sauro ne. Da safe babba ya fara shiga, ya ɗaga tabarma ya kakkaɓe, ya leƙa lungu, kafin yara su shiga.

Sau ɗaya a mako a ɗaga kowane kwali a duba bayansa. Inda baki ya ɗago, a shafa ɗan koko a danne. In an ga baƙin tabo yana yaɗuwa, ana jin warin rima, fumfuna ce. Ba ta da kyau ga numfashi, musamman ga yaro mai asma. Wannan kwalin a cire shi a binne, kada a ƙone.

Idan ƙarshen Mayu ya zo, kuka ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ku kwance su duka. Kada ku jira ruwan farko, don iskar da take zuwa gabansa ta isa ta kwashe su. A goge ƙura, a jera su fuska da fuska, a ɗaure, a rataya a cikin ɗaki, sama, nesa da ƙasa. Rumfar a bar ma yara, za su yi wasansu da zana kaɗai har damina ta wuce. In Oktoba ya kama, a sauko da su, a duba wanda kusu ya taɓa, a gyara shi da guntaye ukun nan da muka ajiye.